Tarihin Makarantar Hunturu ta 'Ya'yan Manoma a Amurka

 A wannan makon za mu leƙa jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka, mu ga yadda wata jami'a ta sauya jadawalinta don ya dace da lokacin manomi.

A shekarar 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filayen gwamnati su sayar, su kafa kwalejojin koyar da noma da ƙere-ƙere. An kafa kwalejojin, amma 'ya'yan manoma ba su zo ba. Dalili a fili yake: wane uba ne zai saki ƙaton saurayi shekara huɗu, alhali ga shuka ga girbi? Manoman Wiskonsin suka yi ta ƙorafi, har suka nemi a raba sashen noma da jami'ar jihar.

Ganin haka, a 1885 hukumar jami'ar ta amince da gajeren kwas na mako 12, a tsakiyar hunturu. A can, idan sanyi ya kankama ƙasa kan daskare, ƙanƙara ta rufe gona, garma ba ta shiga. Lokacin ne kaɗai uba zai iya ba da aron ɗansa. A farkon 1886 ɗalibai 19 suka fara. Aka koya musu kula da ƙasa, ciyar da dabbobi da sanin cututtukansu. Kafin ƙanƙara ta narke sun koma gida, sun gwada abin da suka koya a gonar iyayensu.

Kwas ɗin ya zo a kan gaɓa. Noman alkama shekara da shekaru ya gajiyar da ƙasar jihar, ƙwari sun yi ɓarna, manoma suna komawa kiwon shanun madara. To, amma masu sayen madara da nauyi suke biya, don haka mai yin algus da ruwa yana cin kuɗi ɗaya da mai gaskiya. A 1890 wani malamin jami'ar, Stephen Babcock, ya fito da hanya mai sauƙi ta auna maiƙon da ke cikin madara, bai kuma yi rajistar mallakarta don neman kuɗi ba. A wannan shekarar jami'ar ta buɗe kwas na sarrafa madara, ɗalibai suka koyi awon da hannunsu, suka kai shi ƙauyuka. Sannu a hankali jihar ta yi suna a duniya wajen madara da cuku.

Wannan tsari na haɗa jami'a da gona ya iso mu. A shekarun 1960 malaman Jami'ar Jihar Kansas, wadda ita ma 'yar dokar Morrill ce, sun zo Zariya sun taimaka wajen gina tsangayoyin noma da likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello.

Sai dai namu hunturun daban ne. Mai gonar tudu idan ya kammala kaka, tun zamanin kakanni cin rani yake tafiya. Mai fadama kuwa, ko mai ban ruwa a Kadawa, lokacin ne aikinsa ke tashi: alkama, tumatir, albasa. Ke nan hutun Disamba na ɗalibanmu yana faɗowa daidai lokacin da ake iya koyon dashe, ban ruwa da sa taki ido da ido. Amma ɗalibi nawa ne ke zuwa?

Ga aikinmu na wannan mako. Kowa ya nemi dattijon da ya yi gonar makaranta a firamare, ko ya yi cin rani, ya tambaye shi: wa ya koya masa, a wane wata, me suka shuka, ina amfanin ya tafi? Mu rubuta amsar da shekara da sunan gari, mu ajiye a nan ƙasa. Waɗannan dattawa suna ƙarewa, kuma abin da ba mu rubuta ba zai bi su.

Sai mako mai zuwa.