Daƙiƙun Farko na Sararin Samaniya Hujja Ne

Akwai masu ganin cewa masanin kimiyyar lissafi da ke nazarin daƙiƙun farko na sararin samaniya shaci-faɗi kawai yake yi, tunda ba wanda zai iya maimaita wancan lokaci a ɗakin gwaji. Ni ban yarda ba, kuma tarihin ƙirga nau'o'in ƙwayar nutirino ya ishe mu shaida.

Kimanin daƙiƙa ɗaya da farawar sararin samaniya, zafi ya ragu har nutiron da furoton suka daina rikiɗewa zuwa juna. Kusan duk nutiron da ya tsira ya shige cikin hiliyom a mintoci kaɗan da suka biyo baya, shi ya sa hiliyom ya kai kusan kashi 25 cikin 100 na nauyin ƙwayoyin zarra. Da nau'o'in nutirino sun fi yawa, da sararin ya fi saurin buɗewa, rikiɗar ta tsaya da wuri, nutiron ya yi yawa, hiliyom ya ƙaru. A 1977 Steigman da Schramm da Gunn suka bi wannan lissafi suka sa iyaka ga yawan nau'o'in, kuma cikin shekarun 1980 iyakar ta matso zuwa huɗu. Sai a 1989 injin LEP na cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, mai zagayen kilomita 27, ya auna ruɓewar ƙwayar Z ya ce uku ne. Masana sararin samaniya sun riga masu injin kusantar amsar, kuma amsoshin biyu ba su saɓa ba.

Mai suka zai kawo BICEP2. A 2014 wannan ƙungiya ta sanar da cewa ta ga alamar kumburar farko ta sararin samaniya a tsohon hasken da ya cika shi, sai aka gano cewa ƙurar da ke cikin tarin taurarinmu ce ta rikita ma'aunin. Kuskure ne babba, babu musu. Amma wa ya kama shi? Ma'aunin tauraron ɗan'adam na Planck ne, kuma a farkon 2015 ƙungiyoyin suka fitar da sakamakon haɗin gwiwa da ya janye da'awar. Abin da ake buƙata a kimiyya shi ne a samu hanyoyi masu zaman kansu da za su iya ƙaryata juna. Shi wannan Planck ɗin, ta hanyar hasken da ya fito shekara 380,000 bayan farawa, ya sake ƙirga nau'o'in nutirino, ya samu adadin da ke daf da uku.