Rediyo da zanga-zangar tsadar rayuwa ta 2005

Da yawanmu ba mu manta da watan Maris na 2005 ba. Gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su garin alkama, madara da sukari, har ruwan famfo da wutar lantarki. Ƙungiyoyin fararen hula, Nouhou Arzika na gaba, suka kira jama'a su fito.

To, ta ina kiran ya isa? Lokacin ai babu WhatsApp, salula kuwa sai hannun ƴan kaɗan. Rediyoyi masu zaman kansu ne suka ɗauki maganar da Hausa da Zabarmanci. Wanda ya ji da safe ya kai ta kasuwa, ya kai ta tasha da fada. Ranar da aka ce kowa ya zauna gida, shagunan Yamai suka wuni a rufe.

Hukumomi sun gane haka sarai: aka kama jagororin, aka rufe rediyo Alternative. A Afrilu gwamnati ta janye harajin a kan wasu kayan.

A Fabrairun 2021 kuwa, da rikici ya tashi bayan zaɓe, intanet ɗin salula aka katse wajen kwana 10, ƴan uwanmu na waje suka rasa saƙon murya daga gida.