Amsoshin Wasiƙunku: Shekarun Takarda Da Shekarun Bakin Tsohuwa

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi, wanda kuma yake kai hatsi kasuwar Dawanau ta Kano. Ya ce katinsa na ɗan ƙasa ya nuna an haife shi ranar 1 ga Janairu 1970, takardar bankinsa kuma ta ce 1975, ga shi an ce sai ya daidaita su kafin ya taɓa kuɗinsa, alhali kaka ta yi, lokacin saye ne. Tsohuwarsa kuwa ta ce tana kan gwiwa maza suka taru gindin rediyo ana cewa an harbe Murtala, kuma laƙabinsa na gida irin na 'yan Juma'a ne. Malamin garinsu shi kuma ya ce masa ai ya haye hamsin tun cikin 2024. Shi ne yake tambaya, wanne zai kama?

To Malam, kama maganar tsohuwa. Malaminku ma bai yi kuskure ba, mudunsa ne daban. Takardun nan biyu su ne ba su da gaskiya, kuma zan nuna maka dalili.

An kashe Janar Murtala Ramat Muhammed a Legas da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan. Ka ga rana ta dace da sunanka. Ita kuwa 1 ga Janairu 1970 Alhamis ce. Da ranar aka haife ka, da Ɗanlami ake ce maka. Wannan kwanan wata na 1 ga Janairu, wanda ya cika katunan mutanen karkara, galibi ba ranar haihuwar kowa ba ce. Mai cike takarda ne ya dubi fuskarka da gemunka, ya yanka maka shekara, ya ɗora ta a kan ranar farko ta kalanda don ya huta. Ni kaina da aka kai ni firamare, hannu aka ce in ɗora bisa kai in taɓo kunne. Da na taɓo, hedimasta ya rubuta shekara shida, kuma da wannan lissafi na yi ta yawo har na gama kwalejin horon malamai.

Kada ka raina lissafin tsohuwa, don da irinsa duniya ta fara. Larabawa kafin Musulunci da aukuwa suke ƙirga, shi ya sa ake cewa an haifi Manzon Allah (SAW) a Shekarar Giwa. Kakanninmu ma haka: wane an haife shi shekarar da Nasara suka ci Kano, wato 1903, wance tana goye lokacin yunwar Kakalaba, wajen 1914, wani shekarar zuwan Sarauniya Kaduna, 1956, wani shekarar canjin hannu, 1972, ko canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973. Sannan ga sunaye suna riƙe sauran bayani. Ladi da Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe, duk ranar mako suke faɗa. Azumi da Tasalla suna faɗar wata, Marka tana faɗar tsakiyar damina. In ka haɗa aukuwa da suna da yanayin gona, sau da yawa za ka matso kusa ƙwarai da ranar.

Sanya wa shekaru lamba a Musulunci ya faro ne zamanin halifancin Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi (RA), wajen shekara ta 17 bayan Hijira. Malaman tarihi sun ruwaito cewa takardu ne suka riƙa zuwa da sunan wata ba shekara, a ga an rubuta Sha'aban, a rasa na bana ne ko na bara. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba da bashi ya san irin rigimar da wannan zai haifar. Sai sahabbai suka yi shawara, aka tsayar da ƙirga daga shekarar da Annabi (SAW) ya yi ƙaura daga Makka zuwa Madina, wadda ta yi daidai da 622 ta Miladiyya, aka kuma sa Muharram ya zama watan farko. Wannan shekara da ganin wata take tafiya: wata goma sha biyu, kowane kwana 29 ko 30, jimla kwana 354 ko 355.

Ita kuwa kalandar boko da rana take tafiya, kuma asalinta daga Rumawa ne. Yuliyas Kaisar ne ya tsara ta shekara 45 kafin Miladiyya, ya sa shekara kwana 365, duk shekara huɗu a ƙara kwana ɗaya. Amma awon nasa ya ɗara na gaskiya da kamar minti 11 a kowace shekara. Abu kamar wasa, sai ga shi duk shekara 128 an sami rarar kwana guda. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya ba da umarnin gyara, aka tsallake kwana goma: mutane suka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi ba sai 1752, lokacin rarar ta kai kwana 11, Rasha kuwa sai 1918. Wannan gyararriyar kalanda ita Turawan mulkin mallaka suka shigo mana da ita, ta hanyar haraji da albashi da makaranta, har ta zama ita ce ta ofis, a nan Nijeriya da kuma Nijar.

Saboda haka tsakanin shekarun biyu akwai bambancin kamar kwana 11. Shi ya sa azumi yake zagayawa, ka yi shi cikin bazara, bayan wasu shekaru ka yi shi cikin ɗari. Manomi bai taɓa shuka da lissafin wata ba, sai da taurarin damina, don su da rana suke tafiya. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce, duk shekara 32 ta boko, shekara 33 ce ta Hijira. Dubi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife shi a Maratta cikin Safar 1168, ya rasu a Sakkwato a 1232, wato shekara 64 ke nan. A lissafin boko kuwa, daga Disamba 1754 zuwa Afrilu 1817, shekara 62 ce da wata huɗu. Mutum ɗaya, rai ɗaya, lamba biyu.

Yanzu mu zo kanka. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 ta faɗo cikin watan Safar 1396. Ƙara hamsin a kai, ka sami Safar 1446, wanda ya zo cikin Agusta 2024. Ka ji inda malaminku ya samo maganarsa. A lissafin boko kuwa, ranar cikarka hamsin ita ce 13 ga Fabrairu 2026, bayan waccan da kamar shekara ɗaya da rabi.

Da na zauna da alƙalami sai na ga wani abin sha'awa. Shekara 50 sau 365 ya ba da kwana 18,250. A tsakani Fabrairu ta yi kwana 29 har sau 13, farawa da ta 1976 ɗin kanta, wadda ta same ka kana ɗan kwana goma sha shida, zuwa ta 2024. Jimla kwana 18,263. Raba shi bakwai, sai ka sami mako 2,609 cif, ba ragowa. Wato ranar cikarka hamsin ita ma Juma'a ce.

Duk mai son gano ranar makon da aka haife shi, ga dabarar. Kwana 365 mako 52 ne da kwana ɗaya, saboda haka ranar haihuwarka takan gusa gaba da kwana guda duk shekara: in bana Litinin ce, baɗi Talata. In kuwa 29 ga Fabrairu ta gitta a tsakani, sai ta gusa da kwana biyu. Bayan shekara 28 kalanda takan komo daidai yadda take, muddin ana tsakanin 1901 da 2099, shi ya sa tsohuwar kalandar 1976 ta yi daidai da ta 2004. Sai dai a kula da abu ɗaya. A wurinmu rana daga magariba take farawa, a wurin boko kuwa daga ƙarfe 12 na dare. Yaron da aka haifa bayan isha'i a daren Juma'a, gida za su iya kiransa Ɗanjuma, amma a takarda ranar Alhamis ce. Kai dai wannan bai shafe ka ba, tunda da rana aka ji labarin Murtala.

Batun gyara kuma, Malam, kada ka bari wani ya sake yanka maka shekara ta uku a bakin titi. Tun 1992 aka yi dokar da ta wajabta rajistar haihuwa, aka damƙa aikin ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ita ce mai ba waɗanda aka haifa kafin dokar takardar shaida. Ka fara da rantsuwar shekaru a kotu, ka tafi da wani babba na gidanku da ya san haihuwarka, a rubuta 13 ga Fabrairu 1976. Daga nan ka karɓi shaidar hukumar ƙidaya, ka kai a gyara katin ɗan ƙasa, sannan ka nufi banki da shi. Ka tambayi kuɗin kowane mataki a cikin ofis, ka kuma karɓi rasit. Jikokinka kuwa, ranar suna ka sa a rubuta kwanan watan duka biyu, na Hijira da na boko, tare da ranar mako, a ajiye takardar inda kake ajiye ta gona.