Fure a Kyautar Masoya a Ƙasar Katagum

Miƙa wa mace damin furanni ranar da aurenta ya cika shekara sabon abu ne a Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, kuma har yau bai wuce gidajen wasu 'yan boko da sababbin ma'aurata ba. Sai dai fure ya daɗe da shiga kayan da ake nuna ƙauna da su a wannan yanki. Ba a dai saba tsinko shi a miƙa ɗanye ba. Yakan zo ne a cikin kwalbar turare, ko a jikin atamfa da kwano, ko a zane a bayan hannun amarya.

Mazaunin ƙasar ya taimaka wajen haka. Malam Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, a kan iyakar daular Sakkwato da Borno, kuma hanyar fatake daga Kukawa zuwa Kano ta nan ta ratsa. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Katagum daga Borno a Janairun 1824, a nan ya fara ganin ana ciniki da wuri. Turawa sun ci ƙasar a 1903, aka mayar da fadar sarki Azare a 1916. Duk tsawon wannan lokaci Hausawa da Fulani da Barebari suna zaune tare a ƙasar Katagum suna auratayya, kowa na kawo nasa. Goro yana zuwa daga yamma, ta hannun fataken Gwanja. Sana'ar haɗa ƙamshi kuwa daga gabas ta fi shigowa, daga matan Barebari da Shuwa.

A tsohon tsari, kyautar neman aure ba sirri ba ce tsakanin mutum biyu. Saurayi kan ba da kuɗin zance, ya kai toshi ranar kasuwa ko da Salla, amma duk abin da ya bayar sai ya isa gaban uwar yarinya ko gwaggonta, a gani, a lissafa, don idan maganar ta watse akwai abin da za a mayar. Daga na-gani-ina-so zuwa gaisuwar iyaye, baiko, sa rana da lefe, kowane mataki da kayansa da masu kai shi. Kyautar da za ta bi wannan hanya dole ta jure ajiya, ta rabu, ta kuma ƙirgu. Goro ya cika sharuɗɗan uku: ana sayensa ƙwarya-ƙwarya, ɗari a kowace, ana lulluɓe shi da ganye a yayyafa ruwa ya yi watanni, ana kuma raba shi gida-gida ya zama sanarwa. A nan ne ake zaɓe mai ma'ana irin wanda Turawa ke yi da furanni. Farin goro manya ya fi daraja, shi ake tsince wa surukai da manyan baƙi, kuma wanda ya aika da ƙanana masu tsutsa ya faɗi matsayin da ya ba gidan ko bai buɗe baki ba.

Furen daji bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan ba. Ba don babu shi ba ne. Fadamun kogin Jama'are kan cika da bado bayan damina, gurjiya kan yi jajawur da hunturu bayan ta zubar da ganye, bagaruwa na fitar da 'yan ƙwallayen fure rawaya masu ƙamshi, tumfafiya kuwa ko a kufai tana fure. Amma manomi yana kallon fure ne a matsayin alƙawarin 'ya'ya, uwargida kuma a matsayin kayan miya ko magani. Zoɓo ana shanya shi a sha, gindin furen gurjiya ana busar da shi a kaɗa miya, bado ana cin 'ya'yansa da saiwarsa. Masanin al'adu Jack Goody, a littafin da ya wallafa a 1993 kan al'adar furanni a duniya, ya lura cewa a mafi yawan Afirka kudu da Sahara ba a noma fure don ado ko kyauta, ba kamar Indiya da Sin da Farisa ba. A kan ɗanyen fure maganarsa ta yi daidai da ƙasar Katagum, amma ba ta kama ƙamshi ba, wanda a nan ne al'adar ta yi zurfi.

Tsiron da ya fi kowanne kusa da aure shi ne lalle. Yana da fure, ƙanana farare masu ƙamshi mai ƙarfi, amma ganyen ake nema. A shanya shi a inuwa, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa. Kafin a kai amarya akwai kamu, sannan kwanakin lalle, inda ake cuɗa mata shi a jiki don fata ta yi laushi ta yi haske, a ƙunsa mata a ƙafa da hannu. Hannun akan zura shi a zunguru, doguwar ƙwaryar nan, ƙafafun kuma a naɗe su da ganye da tsumma a kwana da su. A da, ƙunshi babu zane a cikinsa. Ja ne shimfiɗe a tafin hannu da tafin ƙafa, idan an maimaita ya koma baƙi-baƙi, kuma yakan yi makonni kafin ya goge, a farce ma sai ya fita da tsiron farcen. Matar aure takan sake ƙunshi da Salla, da suna, da ranar da maigida zai dawo daga doguwar tafiya. Wannan na ƙarshen shi ne mafi kusa da abin da ake kira nuna soyayya a yau, kuma mace ce ke yinsa, ba namiji ba.

Daga baya aka fara manna salatif a fata kafin a shafa lalle don ya fitar da layuka, sannan zanen fulawa ya shigo daga Sudan da ƙasashen Larabawa da Indiya, ana matsa shi ta bakin leda a fitar da furanni da ganyaye har gwiwar hannu. Baƙin da ake yin wannan zane da shi sau da yawa ba lalle ba ne, rinin gashi ne, yakan kuma ƙona fatar wasu. Duk da haka yau da wuya a ga amarya a Azare ba tare da fure a hannunta ba, kuma masu zanen sun zama masu sana'a da ake kama layinsu tun biki na saura makonni.

Turare ya fi lalle faɗi. Addini ya ƙarfafa shi, domin akwai hadisin da ya hana mayar da kyautar abin ƙamshi, don haka namiji ba ya jin kunyar sayensa, mace ba ta jin kunyar karɓa. Turaren wuta irin na Borno ana haɗa shi da itatuwa kamar sandal da hawi, a soya su da sukari har ya kama jikinsu, a zuba turarukan ruwa, a rufe a kwalba ya tsumu. Humra kuwa ana haɗa ta da farce, wato marfin wani dodon kodi na teku da ake wankewa a soya a daka, da miski da kanumfari da sauransu. Ga kuma na gida, kajiji da jema, saiwoyin da ake haƙowa a fadama a sa a cikin tufafi ko a randa. Kowace mai haɗi da sirrinta, uwa kan koya wa 'yarta, kuma akan gane ɗakin mace da ƙamshinsa tun daga tsakar gida. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ranar girki.

Furen Turai da na Gabas ta wannan ƙofa ya fara shigowa, a narke. Turaren Bint el Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920 ta hannun ma'aikacinsa Eric Burgess, mai ne ba giya a cikinsa, shi ya sa Musulmi suka karɓe shi ba tare da ɗari-ɗari ba. Ƙamshinsa na furanni ne, har da yasmin. Daga baya aka koma haɗa shi a Kano, ya shiga lefe, ya shiga haɗin humra, ana yayyafa shi a kamu. Alhazai kuma suna dawowa da man wardi da sandal a tsarabar Makka. Mutane da yawa sun san ƙamshin wardi shekaru kafin su ga furensa da ido.

Hanya ta biyu da fure ya shigo ita ce kayan ɗaki. Lefe asalinsa kwando ne na kaba, ya koma kwalla, ya koma fantimoti, ya zama akwatuna saiti. Jeren amarya ma ya tashi daga ƙorai masu zane da tasoshi zuwa kwanukan langa da aka riƙa shigowa da su daga Turai da Hong Kong kafin a fara ƙera su a Najeriya, kuma mafi yawansu manyan furanni ne ja da shuɗi da rawaya a murfi. Bangon ɗaki kan cika da su tun daga ƙasa har sama. Masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, sun sauƙaƙa atamfa, ita ma da furanninta. 'Yan matan da suka koyi ɗinkin hannu a makaranta suka riƙa yi wa samari hankici da rigar matashi da fure a kusurwa. Sai fulawar roba ta zo ta zauna a kan talabijin da kabad. Ita ce furen farko da aka saya a matsayin fure, kuma dalilin karɓuwarta a fili yake: ba ta bushewa, ƙurar hunturu kawai ake wanke mata.

A waɗannan kaya babu tunanin cewa kowane fure da ma'anarsa. Wannan tunanin na Turai ne, kuma shi ma bai tsufa sosai ba. Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila a Istanbul, ta rubuta a wasiƙunta na wajen 1718 yadda matan Turkiyya ke aika saƙo da ƙananan abubuwa, har da furanni. A 1819 aka buga wani littafi a Faris da ya jera furanni da ma'anoninsu, aka yi ta kwaikwayonsa a Ingila da Amurka, har jan wardi ya tsaya a matsayin soyayya. Kiran cikar shekara 25 da aure ta azurfa, 50 kuma ta zinariya, daga ƙasashen Jamusawa ya fito. Jerin da ke cewa kowace shekara da furenta, wardi a shekara ta 15 misali, masu sayar da furanni ne suka yaɗa shi, kuma kasuwa ce ta fi amfana da shi.

Bahaushe bai saba ƙirga aure da ranar da aka ɗaura shi ba. Yakan ce an yi bikin ne shekarar kaza, bayan Babbar Salla, ko da kaka. Abin da ke zagayowa kowace shekara shi ne kayan Salla, turmin atamfa da mayafi da takalmi da turare da kuɗin ƙunshi da kitso, sai kayan fitar suna idan an haihu. Kunya ma ta yi nata aikin. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta ba za ta so a miƙa mata fure a gaban surukai ba.

Finafinan Indiya ne suka fara sauya ido, tun da gidajen silima na Arewa suka kama nuna su a tsakiyar ƙarni na 20, da masoya suna waƙa a cikin lambu. Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1980 suka ɗauka, finafinan Hausa suka biyo baya daga 1990, su ma da rawa a tsakanin shuke-shuke. Ɗaliban kwalejin ilimi ta Azare da na sakandaren kwana sun yi zamanin wasiƙa da kati mai hoton wardi. Wayar salula ta zo a 2001, daga baya Facebook da WhatsApp, inda aika hoton fure ba ya cin ko sisi, inda kuma ma'aurata suka fara sanar da cikar shekarar aurensu da hoto da kek. Ranar masoya ta 14 ga Fabrairu ba ta sami irin wannan karɓuwa ba, domin malamai da yawa suna hani da ita. Murnar cikar shekarar aure ta fi samun sassauci saboda tsakanin miji da mata ne, ko da yake akwai masu ganinta kwaikwayo ne marar tushe.

Ɗanyen wardi har yanzu da wuya a same shi a Azare. Da bazara zafi kan haura digiri 40, furen da aka yanka ba ya wuni. Wanda ake nomawa a tsaunukan Jos ko ake shigowa da shi daga Kenya ya fi tsayawa a Abuja da Legas da Kano. Don haka wanda ke son yin wannan kyauta yakan haɗa ne da abin da ke kusa: fulawar roba ko ta yadi a saman kwando, a ƙarƙashinta humra da turaren wuta da mayafi, wani lokaci har da zobe ko waya. Akwai kuma naɗa sababbin takardun kuɗi su yi siffar furanni, abin da Babban Bankin Najeriya ya lissafa cikin wulaƙanta naira, wanda sashe na 21 na dokar bankin ta 2007 ya tanadar wa hukunci.

Mai mata biyu ko uku yana da ƙarin lissafi. Kayan Salla ana yinsu rana ɗaya, iri ɗaya, kowa ta ga na 'yar'uwarta, kuma ko sabon aure zai yi al'ada ta tanadi kayan faɗar kishiya don uwargida. Ranar aure kuwa kowace da tata, ta uwargida ma sau da yawa ba a rubuta ta ko'ina ba. Shi ya sa wasu magidanta ke sayen kyautar bibbiyu ko uku-uku su raba a rana ɗaya, wasu kuma suke barin abin baki ɗaya su tsaya ga kayan Salla.