Bayanin Tsira Kafin Gyaran Suna: Koyar da Sadarwar Lokacin Rikici a Jami'a da Darasin Arewacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta auna ra'o'in da ake koya wa ɗaliban hulɗa da jama'a game da sadarwa a lokacin rikici da kare martabar hukuma. An ɗora su a kan abubuwa biyu da suka faru a Zamfara a 2021: miƙa ɗaliban Jangebe ga iyayensu, da katse layukan waya tare da rufe kasuwannin mako. An dogara da sanarwar hukumomi da rahotannin kafofin yaɗa labarai na lokacin. Maƙalar ta gano cewa darasin aji ya fi karkata ga wanke sunan hukuma, alhali mutumin Kasuwar Daji ko Shinkafi ko Zurmi yana neman labarin da zai tsira da shi ne.

1.0 Gabatarwa

A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba digirin aikin jarida zuwa fannoni bakwai, hulɗa da jama'a ta zama fanni mai cin gashin kansa. A cikinsa ɗalibi yake haɗuwa da darasin sadarwar lokacin rikici. Misalin da ya fi yawo a littattafan darasin shi ne na maganin Tylenol: a 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Shikago ta Amurka bayan an sa guba a maganin, kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa, ya kuma dawo da amincewar masu saye. Misali ne mai kyau. Sai dai ya ginu a kan ƙasa mai waya da talabijin, da jama'ar da ke jin sanarwa ta gaskata. Tambayar wannan bincike ita ce: me ya rage na darasin idan aka kai shi inda waɗannan sharuɗɗa suka rushe?

2.0 Ra'in Bincike

William Benoit (1995) ya fitar da dabaru biyar da wanda sunansa ya ɓaci yake bi: musantawa, kauce wa alhaki, rage munin laifi, gyara ɓarna, da amsa laifi tare da neman afuwa. Timothy Coombs (2007) ya ce a fara duba nauyin laifin da jama'a suka ɗora wa hukuma: ita aka cuta, ko tsautsayi ne, ko kuwa sakaci? Kafin su, David Sturges (1994) ya kasa bayanin lokacin rikici gida uku: wanda ke gaya wa mutum abin da zai yi ya kare kansa, wanda ke kwantar masa da hankali, da wanda ke gina sunan hukuma. A nan an kira na farkon "bayanin tsira". Adalci ne a ce shi ma Coombs ya sa shi a gaba da komai. Amma dabarun Benoit sun fi daɗin haddacewa da zubawa a takardar jarrabawa, kuma su ne mai gida yake biyan kakakinsa albashi dominsu.

3.0 Jangebe

Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara. 'Yan sanda suka ce 317 ne. Da aka sako su ranar 2 ga Maris, gwamnatin Gwamna Bello Matawalle ta ce 279 ne, kuma duka sun dawo. Ratar 38 ƙarama ce a takarda. Ga uwar da ba ta ga 'yarta ba tukuna, dare ne guda na rashin barci.

Washegari aka kai yaran Jangebe don miƙa su. Jami'ai suka tsaya jawabai a zauren makarantar, iyaye kuwa idonsu na kan rana, domin wasu daga ƙauyuka suka zo, kuma kowa ya san hanyar ba ta biyuwa bayan magariba. Haƙuri ya ƙare, iyaye suka kutsa suna janye 'ya'yansu, aka yi jifa, jami'an tsaro suka buɗe wuta, gwamnati ta kafa dokar hana fita a garin. A ma'aunin Sturges, an shirya taro don kashi na uku a lokacin da jama'a ke jiran na farko: ƙarfe nawa za a sallame mu, wa zai raka mu gida? Taron da aka yi don ɗaga suna shi ya ƙara zubar da shi.

4.0 Katse Waya da Rufe Kasuwa

Wannan mataki ya fi shafar yankin da ake nazari, wato arewacin Zamfara. A farkon Satumba 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka. Ranar 3 ga watan, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin jihar, da farko na mako biyu. Gusau ba ta sami sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira. Hujjar ita ce a yanke tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Ko an ci wannan riba ta fuskar tsaro, ba hurumin maƙalar ba ne.

Hurumin shi ne abin da aka yi wa labari. Kasuwar Daji, a kan hanyar Gusau zuwa Ƙauran Namoda, sunanta ma ya faɗi sana'arta. A irin wannan gari ranar kasuwa ita ce jaridar mako. Mai kawo gero daga ƙauye, kafin a auna masa tiya ɗaya, ya riga ya faɗi inda aka ga babura jiya. Dillalin kara ya san garken da aka kora. Ɗan kamasho a tasha yana tambayar direban da ya iso daga Shinkafi ko Zurmi, "Yaya hanya?", amsar kuma ita ke sa mota ta tashi ko ta kwana. An rufe wannan kafa da ta waya a mako ɗaya. Mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi, wasu suna tafiya wata jiha don kiran waya guda.

Rediyo ya rage, amma rediyo faɗa yake yi, ba ya ji. Gwamnati na iya shelanta nasarar sojoji daga Gusau; ƙauyen da aka kewaye ba shi da hanyar cewa a kawo ɗauki. Ra'in Coombs yana auna laifin da jama'a ke ɗora wa hukuma, to ta ina za a auna shi idan an toshe bakin jama'ar? Nan ne ra'in ya gaza, domin ya ɗauka cewa hanyar sadarwa tana nan daram, abin zaɓa kawai shi ne kalma.

Akwai kuma batun wanda ake gaskatawa. A al'ada sarki da hakimi da mai unguwa su ne bakin hukuma a karkara. A Yunin 2021 aka dakatar da Sarkin Zurmi bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga, aka tuɓe shi a Afrilun 2022. Ko mene ne gaskiyar zargin, saƙon da ya biyo ta fada bayan haka dole ya yi wuyar karɓuwa.

5.0 Abin da Ya Shafi Manhaja

Ɗaliban da za su riƙe ofisoshin hulɗa da jama'a suna Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero. Wasunsu sun ɗanɗani abin da kansu: a Satumba 2023 aka sace ɗaliban jami'ar Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, kuma cikin kwanaki gwamnatin Gwamna Dauda Lawal da ta tarayya suka shiga musayar yawu a kan ko ana sulhu da 'yan bindiga a asirce, iyaye na sauraro.

Maƙalar na ba da shawarar a sauya aikin gwaji na darasin. Maimakon rubuta sanarwar manema labarai da Turanci, a ba ɗalibi taswirar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, a ce masa babu waya, babu kasuwa, ga gargaɗin da dole ya isa ƙauyuka kafin la'asar. Ya rubuta shi da Hausa da Fulfulde cikin jimloli uku da liman zai iya faɗa bayan sallama. Ya faɗi wanda zai ɗauki saƙon, da dalilin da za a yarda da shi, da hanyar da amsa za ta dawo. Idan adadin mutanen da abin ya shafa bai tabbata ba, a rage masa maki in ya faɗi lamba.