Little Walter, Mabushin Da Ya Ɗaga Darajar Hamonika

Hamonika 'yar ƙaramar abar busa ce da ake riƙewa a tafin hannu, a zura a aljihu. Talakawan baƙar fatar Amurka sun rungume ta saboda arha, suna busa ta a waƙoƙinsu na bulus, wato waƙoƙin koken zuci. Cikin waɗanda suka fito da martabarta, babu kamar marigayi Marion Walter Jacobs, wanda aka fi sani da Little Walter.

An haife shi a garin Marksville na jihar Luwiziyana. Tun yana yaro ya bar makaranta, ya shiga duniya, yana busa a bakin titi don ya sami na abinci. Bayan yaƙin duniya na biyu ya isa Shikago, inda ya riƙa wasa a kasuwar Maxwell Street, har a 1948 ya shiga ƙungiyar shahararren mawaƙi Muddy Waters.

A can ne ya gamu da matsala. Gita mai amfani da lantarki ta shigo, ƙararta kuwa tana danne muryar hamonika. Sai Walter ya haɗa hamonikarsa da ƙaramin makirfo cikin tafukansa, ya jona da na'urar ƙara sauti. Ya riƙa matsa wa na'urar har sautin ya yi kauri ya dusashe, kamar na babban ƙaho. Abin da masu ɗaukar faifai ke ɗauka aibi, shi ya mai da shi ado.

A 1952 kamfanin Checker ya fitar da faifansa mai suna "Juke", busa zalla ba waƙa, wanda ya yi mako 8 a saman jerin Billboard na kiɗan baƙar fata. Daga nan ya kafa tasa ƙungiyar. A 1955 ya sake hawa saman jerin da "My Babe", wadda Willie Dixon ya rubuta masa, ya kuma rera ta da bakinsa. Tsakanin 1952 da 1958, faifansa 14 ne suka shiga sahun goma na farko.

Sai dai kash, giya da saurin fushi suka ci ƙarfinsa. Kasuwarsa ta ja baya, ko da yake ya zagaya Turai a 1964 da 1967. Ranar 15 ga Fabrairu, 1968, ya rasu a Shikago bayan wani faɗa da aka yi da shi. Kabarinsa ya zauna ba ko alama har 1991.

To, 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa da ke kukan rashin maɗaba'a da kayan aiki, ku duba abin da wannan bawan Allah ya yi da 'yar abar aljihu. Ku kuma duba abin da ya kayar da shi. Hausawa sun ce hali zanen dutse, don haka mai neman suna ya fara gyara nasa tun kafin sunan ya zo.