Rijiyar Kusugu da Darasi Daga Ƙasar Japan

Ina so in ɗan jawo hankalinmu kan yadda mutanen Japan suke adana tarihinsu ta hanyar fim na zane mai motsi, wanda yara ke kira katun.

A shekarar 1997 Hayao Miyazaki na kamfanin Studio Ghibli ya fitar da Princess Mononoke. Labarin ya faru ne a zamanin Muromachi (1336 zuwa 1573), inda wata mace ke shugabantar garin masu narka tama, suna sare daji domin samun gawayi, har suka shiga yaƙi da iskokin dajin. Waɗannan iskoki su ne "kami" na addinin Shinto. Haka nan a 2013 Isao Takahata ya ɗauko tatsuniyar mai saran gora, wadda ta haura shekara 1000, ya mai da ita fim ɗin Gimbiya Kaguya. Ta haka ɗan Japan ke sanin kakanninsa tun yana ƙarami.

To mu fa? Mu dubi namu labarin. Akwai Magajiya Daurama, mace mai sarautar gari. Akwai maƙeran Gaya da suka ƙera wa Bayajidda wuƙa. Akwai tsohuwa Ayana da ta sauke shi, da macijin nan Sarki wanda ya hana jan ruwa a Kusugu sai ran Juma'a kawai. Daga nan aka haifi Bawo, aka sami Hausa Bakwai. Ƙarfe, ruwa, mulkin mata da imanin mutanen da, duk ga su a labari guda. Palmer ma ya buga shi da Turanci tun 1928.

Wasu za su ce ai wannan tsafi ne. Ni a ganina ba da labarin abin da kakanni suka yi imani da shi kafin Musulunci ba bauta ba ne, tarihi ne. Idan ba mu zana Daurama da hannunmu ba, wani baƙo zai zana mana ita yadda ya ga dama.

Cikinmu akwai masu zane, marubuta da malaman tarihi. Ina roƙon wannan ƙungiya ta haɗa su, su fara da littafin zane na yara. Allah Ya sa mu dace, amin.